Firiza, Shanya da Sabulun Gida: Amsa ga Uwargida Mai Neman Rage Kuɗin Cefane

Wata uwargida daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa ta aiko da tambaya. Ta ce su goma sha ɗaya ne a gidansu, maigidan malamin firamare ne da ke ɗan taɓa noma, kuma albashi ba ya kai su ƙarshen wata. Ta kusa ɗaukar adashe, tana tunanin ta sayi firiza ta hannu domin ta riƙa dafa abinci da yawa tana ajiyewa, sannan ta koyi haɗa sabulun wanki da sabulun ruwa da man shafawa don ta daina saye. Wutar lantarki a garinsu takan zo kwana biyu ko uku a mako, wani lokaci kuma a shafe mako ba a gan ta ba. Tana son sanin ko wannan shiri zai rage musu kashe kuɗi.

'Yar'uwa, Allah ya sa albarka a cikin adashen, ya ƙara rufa asiri. Da irin wutar da kika kwatanta, ba zan ba ki shawarar ki zuba kuɗinki a firiza ba, sai fa idan kuɗin zai isa ki saye ta tare da sola da batirin da za su riƙe ta dare da rana. Abin da zai fi rage muku nauyi shi ne sayen kayan abinci a lokacin da suka yi araha, da adana su ta hanyoyin da ba ruwansu da lantarki, waɗanda yawancinsu iyayenmu mata sun san su tun kafin a kafa turakun wuta a ƙasar Ringim. Haɗa sabulu yana da riba, amma ba kowane iri ba, kuma wanda ba shi da sikeli bai kamata ya fara ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, duk abin da ake ɗaukowa daga birni zuwa ƙauye kuma ya tashi tare da shi, har ta kai a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A irin wannan hali, gidan da ya fi jin jiki shi ne wanda ke awo kullum, a aiki yaro shago ya sayo mai na ƙulli, omo na ƙulli da tumatirin leda, domin kowane ƙulli yana ɗauke da ribar mai shago da kuɗin leda da kuɗin motar da ta kawo shi. Ga kuma bambancin farashi tsakanin kaka da tsakiyar damina, wanda a wasu shekaru yakan yi yawa ƙwarai ga gero da wake da kayan miya. A waɗannan wurare biyu kuɗin gidanku ke zurarewa, kuma firiza ita kaɗai ba ta toshe ko ɗaya daga cikinsu.

Ya kamata ki san yadda firiza ke aiki kafin ki yanke shawara. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tana dakatar da yaɗuwarsu ne kawai muddin sanyin ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos. Da zarar abinci ya narke ya shiga tsakanin digiri 5 da digiri 60, ƙwayoyin sukan farfaɗo su ci gaba da hayayyafa. Ƙa'idar da masana lafiyar abinci suke bayarwa ita ce, idan aka ɗauke wuta, firizar da ke cike maƙil kuma ba a buɗe ta ba za ta riƙe abinci kusan awa 48, wadda ke rabi kuwa awa 24, firji kuma awa 4 kacal. Waɗannan alƙaluma ba su yi la'akari da ɗakin kwano a watan Afrilu a Jigawa ba, inda zafi kan wuce digiri 40, saboda haka a wurinku lokacin zai fi haka gajarta. Babban haɗarin shi ne abinci ya narke ranar Talata, a kawo wuta ranar Alhamis ya sake daskarewa, ki buɗe ki gan shi da ƙanƙara ki ɗauka lafiyarsa lau, alhali ya yi kwana biyu yana lalacewa. Kuma ba ƙauye kaɗai abin ke shafa ba: a ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, waɗanda suka cika firiza da nama a lokacin sun san asarar da suka yi.

Wani zai ce a haɗa da janareta. Ƙaramin injin da ake kunnawa don fitila da cajin waya sau da yawa ba ya iya tayar da firiza, domin injinta yana jan wuta mai yawa a daidai lokacin da zai tashi, kuma ko da ya iya, fetur ɗin da litarsa ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024 zai cinye duk abin da kike fatan tarawa. Firizar hannu kuma tana da nata matsalolin, musamman robar bakin murfi da ta saki da iskar gas da ke zurarewa a hankali, ga raunin wuta da ke ƙona inji idan babu sitabilaiza. Idan wata rana hali ya samu, ki nemi mai murfi a sama wadda aka ƙera don aiki da sola, domin iska mai sanyi ƙasa take zama, ba ta zubewa idan an ɗaga murfi yadda take yi a mai ƙofa a gaba. A ganina irin wannan firiza tana mayar da kuɗinta ne idan ana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da ruwan sanyi, musamman a bazara da watan azumi. Wannan kuwa sana'a ce mai buƙatar nata jari da nata lissafi, ba dabarar rage cefane ba ce.

Bari mu koma ga kayan miya, domin a nan ne za ki fi ganin bambanci da wuri. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani yakan cika kasuwa, daga Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam inda ruwan madatsar Tiga ke kaiwa, da kuma fadamun Hadeja da ke kusa da ku. A lokacin kwando kan faɗi warwas, har manoma su rasa mai saye a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, amma daga Mayu zuwa Yuli sai ya zama abin da talaka ke kallo daga nesa, kamar yadda aka gani ƙarara a 2016 lokacin da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano. Ki sayi kwando biyu ko uku a kasuwar Gujungu ranar Lahadi a cikin wannan lokaci na araha, tare da tattasai da attaruhu, ki yi kauɗa da kanki. Kauɗar kasuwa ta yi ƙaurin suna ne saboda a ƙasa ake shanya ta a gefen titi, ta kwashi yashi da ƙura da kashin dabbobi, shi ya sa miyarta ke yin baƙi tana ƙasa-ƙasa a baki. Ta gida ba haka take ba. Ki zaɓi tumatir mai tauri wanda bai fashe ba, ki wanke, ki yanka shi gida biyu ko huɗu, ki barbaɗa gishiri kaɗan, ki shimfiɗa a kan tabarma mai tsabta da aka ɗora a kan gado ko rumfa, gefen da aka yanka yana kallon sama, ki rufe da tsohon labule mai shara-shara don ƙuda. Ki kwashe da yamma ki sake shimfiɗawa da safe har sai ya bushe sarai, ba ya danƙo idan an matsa. Kusan kashi 94 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, don haka kada ki firgita idan kwando guda ya koma ɗan abin da bai cika bokiti ba. Ki zuba a roba mai murfi ko leda mai kauri ki ajiye inda babu laima.

Idan kina son ɗanɗanon ɗanyen tumatir, akwai hanyar kwalba, amma tana da sharuɗɗan da ba a sassauta su. A markaɗa tumatir zalla, a tafasa har ruwan ya ragu sosai, a zuba da zafinsa cikin kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe da aka riga aka tafasa, a sa babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, a bar ɗan fili a sama, a rufe, sannan a jera kwalaben a babbar tukunya ruwa ya shanye kansu, a tafasa kusan awa guda. Kada ki haɗa da albasa ko tattasai ko mai ko nama a cikin kwalbar, domin tsamin tumatir da na lemon ne ke hana wata ƙwayar cuta mai fitar da dafi rayuwa a wurin da babu iska, waɗancan kuwa suna rage tsamin, kuma dafin nan yana shanye jiki ya kashe ba tare da abincin ya canza wari ba. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba.

Ganye ya fi sauƙi. Zogale da rama da yakuwa da karkashi da kuka a inuwa ake shanya su, a ɗakin da iska ke ratsawa, domin rana tana kashe korensu ta rage amfaninsu ga jiki, kuɓewa kuwa a yanka ta sirara a shanya a rana. Abin da mutanen birni ke nema a firiza, wato abincin da aka riga aka yi rabin aikinsa, ke za ki same shi a gari: garin ɗanwake da aka haɗa wake da rogo da kuka aka niƙo sau ɗaya, garin kunu, tsakin masara don dambu da fate, waken da aka surfe aka shanya don ƙosai da alale, yajin da aka daka, daddawa da ƙuli-ƙuli. Kai niƙa sau ɗaya na mako biyu ya fi arha a kan aika yaro inji kowace safiya, kuma ranar da kika tashi a gajiye tukunyar ɗanwake ba ta cin itace mai yawa.

Don ɗanyen kayan miya na kwanaki kaɗan, maganin daga Jigawa ya fito. Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka, har ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin da ruwa safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke tsanewa ta jikin tukunyar waje yana tafiya da zafin ciki, shi ya sa tumatir da tattasai da gauta da alayyafo ke ƙara kwanaki masu yawa ba su yanƙwane ba. Ta fi aiki a hunturu da bazara lokacin da iska ke bushe, a damina kuwa amfaninta kaɗan ne. Sanyinta bai kai na ajiye nama ko kifi ko dafaffen abinci ba, kada a gwada.

Mafi girman kason adashen, a ra'ayina, hatsi da wake ya kamata ya tafi, a saya tsakanin Nuwamba da Janairu. Matsalar wake ita ce ƙwari, kuma maganin da wasu ke zuba masa ya fi ƙwarin illa; saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ki nemi buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje. Ana zuba wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, sai ƙwarin su mutu don rashin iska ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Jarka mai tsabta da aka cika har baki aka toshe da kyau ita ma tana yin wannan aiki. Sharaɗin shi ne hatsin ya bushe, kuma za ki iya gwadawa ta hanyar zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba tare da cokalin busasshen gishiri ki girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran laima. Ki ɗora buhunan a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Masara da gyaɗar da suka yi fumfuna a tsince a zubar, kada a ba yara ko kaji, domin fumfunar tana fitar da gubar da ke lalata hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ƙwayar maganin hatsi mai fitar da iska kuwa kada a taɓa sa ta a ɗakin da mutane ke kwana.

Tun da kin tambayi abincin firiza, ga yadda ake yi, ko da za ki samu gurbi a firizar sola ta wata 'yar'uwa ko ta mai shago. Abin da ya fi dacewa a daskarar shi ne wanda ke cin lokaci da itace: markaɗen kayan miya da aka tafasa ruwansa ya ƙone aka soya, dafaffen wake, ƙullun ƙosai da na alale kafin a sa gishiri, miyar taushe, romon nama, da ɗanyen nama ko kifin da aka gyara aka kasa daidai girki ɗaya. Alayyafo da zogale a tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu, a tsame a sa a ruwan sanyi, a matse sannan a ƙulla. Tuwo yakan farfashe idan ya narke, dafaffen dankali ya yi ruwa, dafaffen ƙwai ya yi tauri, latas da kokwamba su mutu, nono kuma ya tsinke, don haka waɗannan ba su cancanci gurbin ba. Kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje kafin ya shiga sanyi; a raba shi a ƙananan mazubai ko a tsoma tukunyar a bahon ruwa don ya huce da wuri. Shinkafa ta fi kowane abinci buƙatar wannan gaggawa, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta fitar da guba idan shinkafar ta daɗe da ɗumi, kuma ɗumamawa ba ta kawar da gubar. A ƙulla a leda a baje ta ta yi faɗi, a fitar da iska, a rubuta kwanan wata, a cinye miya cikin wata biyu zuwa uku. Duk filin da ya rage a cike shi da robobin ruwa, domin ƙanƙararsu ce za ta riƙe sanyi idan wuta ta tafi. Akwai kuma dabarar gane ko abinci ya narke a bayan idonki: ki daskarar da ruwa a kofi, ki ɗora ƙaramar tsakuwa a kan ƙanƙarar ki bar shi a ciki, ranar da kika tarar da tsakuwar a gindin kofin to komai ya narke ya sake kamawa. Abin da aka fitar ya narke sarai ba ya komawa, a juye shi a tukunya ya tafasa sosai a ci.

Naman layya kuwa ba ya buƙatar firiza. A soya shi har ruwansa ya ƙare ƙaf, a tsame ya huce, a ajiye a kwando ko mazubin da ba ya tara gumi, a riƙa dubawa ana sake ɗumamawa, wani kuma a yi dambun nama ko kilishi. Abin da nake so ki lura da shi shi ne kitsen da ya rage, wanda gidaje da yawa ke barinsa ya lalace, domin shi ne jarin sabulunki. A yanka shi ƙanana, a narka a wuta kaɗan-kaɗan, a tace da ƙyalle, a bar shi ya daskare. Mahauta ma sukan sayar da kitsen shanu da rahusa a ranakun kasuwa.

Sabulun sanda mai ne da soda mai ƙuna, wadda masu sayarwa ke kira kostik, suke haɗuwa su zama wani abu dabam, kuma kowane mai yana da adadin sodar da yake ci. Kilo guda na kitsen shanu yana cin kusan giram 140, man gyaɗa ƙasa da haka kaɗan, alayyadi kuwa kusan giram 170. Wannan ne dalilin da ya sa awo da gwangwanin madara ke ɓata aiki: idan soda ta yi yawa sabulun ya ci hannu ya kashe launin tufafi, idan ta yi kaɗan ya yi laushi ya yi warin mai. Haɗin da zan ba ki na wanki shi ne giram 600 na tataccen kitse, giram 400 na alayyadi, giram 145 na kostik da giram 350 na ruwa. Kitsen ne ke ba shi tauri, alayyadi kuma kumfa. Man gyaɗa mai kyau ya yi tsada da yawa a yi sabulu da shi, kuma sabulunsa laushi gare shi, sai dai wanda aka gama suya da shi ya yi baƙi, wannan gara a tace shi a yi sabulu da a ci gaba da ci. Za ki zuba kostik a cikin ruwa a hankali kina juyawa, ba a taɓa zuba ruwa a kan kostik domin yakan tafasa ya fantsamo. Ruwan zai yi zafi ƙwarai ya fitar da tururi mai shaƙe maƙogwaro, don haka a tsakar gida ake yi, a bar shi ya huce ya zama ɗumi. Sai a narka kitse da alayyadi su ma su zama ɗumi, a tsiyaya ruwan sodar a ciki ana juyawa da muciya ba tsayawa, har ya yi kauri kamar kunun da ya kama jiki, ɗigon da ya faɗo daga muciya ya bar alama a sama. A juye a akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, a rufe, a yanka bayan kwana ɗaya ko biyu, sannan a jera a inuwa mako huɗu zuwa shida. Wannan jira yana da amfani ga aljihu, domin sabulun da ya bushe ya fi daɗewa a wurin wanki nesa ba kusa ba.

A kan haɗarin kostik zan tsananta. Kada ki yi amfani da tukunyar dalma ko cokalin alminiyam, domin soda tana cin su ta fitar da iska mai kamawa da wuta. Bokitin roba mai kauri da muciyar da aka ware don wannan aiki kaɗai su ne daidai. Ki sa safar hannu ta roba da tabarau da riga mai dogon hannu, kuma yara su bar wurin gaba ɗaya, har da na goye. Idan ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa na minti 20, a tafi asibiti idan ido ne. Ruwan kostik fari ne tas, ba shi da wari, kuma likitoci a Afirka ta Yamma sun daɗe suna ganin yaran da suka sha shi a gidajen masu sabulu maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke har ba sa iya haɗiyar abinci. Saboda haka kada a taɓa zuba shi a kofi ko robar ruwan sha ko kwalbar lemo, kada kuma a jiƙa shi a bar shi ya kwana inda hannun yaro zai kai. Idan tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko lemon tsami, a garzaya da shi asibiti.

Sabulun ruwa na wanke-wanke shi ne ya fi saurin nuna riba, saboda mafi yawansa ruwa ne, kuma ruwan kuna da shi a gida. Masu kayan haɗi a kasuwar Sabon Gari ta Kano sukan auna saiti na lita 10 ko 20, wanda ya ƙunshi salfonik da teksafon masu wankewa da kumfa, soda ash da kostik kaɗan, naitrosol mai sa kauri, sai kala da turare. Ki sa mai shagon ya rubuta sunan kowane ƙulli da tsarin zubawa, domin da yawansu farin gari ne masu kama da juna. Idan ya haɗa miki da fomalin don hana lalacewa, ki ce ya cire. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin masu jawo cutar daji tun 2004, kuma ba abin da za a wanke kwanon abinci da shi ba ne. Gara ki haɗa wanda zai ƙare cikin wata guda. Kauri da yawan kumfa ba su ne ƙarfin wanki ba, kada ki ƙara kuɗi a kansu, kuma wannan sabulu ba na wanka ba ne, balle wankan jariri.

Omo na gida ban ga ribarsa ba, yawanci soda ash ce da kala, tana cin hannu, gara a sayi babbar leda a riƙa ɗiba da a sayi ƙulli. Gindin tukunya toka da soso sun ishe shi. Bilic a saya, kada a haɗa a gida, kuma kada a taɓa gauraya shi da ruwan wanke banɗaki mai asid, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar da ke ƙona huhu. Man shafawa kuwa abu ne mai sauƙi: a narka man kaɗanya a kwanon da aka tsoma cikin ruwan zafi, ba a kan harshen wuta ba, a ƙara man zaitun ko na kwakwa kaɗan don ya yi laushi, a juye a roba. Tun da babu ruwa a cikinsa ba ya saurin lalacewa, kuma ya wadatar ga kaushi da bushewar fata a hunturu. Duk mai koyarwar da ta ce a ƙara wani sinadari don fata ta yi haske, ki bar ajinta. Idan kuma wata rana kika so sayarwa a kasuwa da suna a jiki, wannan yana buƙatar rajistar NAFDAC.

Kafin ki haɗa karo na biyu, ki zauna da maigida, tun da malami ne, ku rubuta abin da karon farko ya ci: kitse, alayyadi, kostik, itace, kuɗin motar zuwa Kano da dawowa, da wani kaso na kuɗin sikeli da bokiti, ku raba da yawan sandunan da aka samu, ku gwada da farashin sanda mai nauyi ɗaya a Gujungu. Kuɗin mota ne ke yawan cinye ribar, shi ya sa ya fi kyau ku haɗu ku huɗu ko biyar cikin 'yan adashenku, mutum ɗaya ya je ya sayo wa kowa. Idan lissafin ya nuna ta gida ta fi ta kasuwa tsada, wanda yakan faru duk lokacin da alayyadi ya tashi, ki dakata, ki ajiye tataccen kitsenki a rufaffen mazubi a wuri mai inuwa har farashin ya sauko. Kitsen da aka cire wa ruwa da ɓurɓushin nama da kyau yakan yi watanni bai canza wari ba.